Neman Ido Don Hashiyar Mahaifina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tsaga idanu a fuskar bawa, Ya ajiye ganin duniya a cikin ƙwayar da ba ta kai girman wake ba, Ya kuma hore wa ƙirji iskar da yake ja ba tare da ya roƙa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ni mutumin unguwar Wambai ne a Suleja. Na gaji zauren karatu daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, na kuma gaji wani littafin fiƙihu da ya kwafa da hannunsa, ganye ɗari uku da 'yan kai, a cikin gafakar fata. Matanin da ke tsakiyar shafukan sananne ne, na haddace shi tun ban fara azumi ba. Dukiyar littafin tana gefe, inda mahaifina ya cika da hashiya, wato bayanan da ya ji daga bakin malamansa da waɗanda Allah Ya buɗa masa, da rubutu siriri kamar sawun tururuwa. Wannan hashiya babu ita a ko'ina sai nan, kuma tana da alamomi da taƙaitawa waɗanda ni kaɗai ya koya wa. Na yi ta jinkirin kwafe ta, ina cewa sai na sami sarari, har na haura saba'in, tawada ta koma launin ƙasa, idona kuma ya fara ajiye mini wani tabo a tsakiyar duk abin da na kalla. An cire mini yana a Abuja, tabon bai gushe ba. Da 'ya'yana suka ga na daina buɗe gafakar, sai suka haɗa kai suka ce a gwada Misra. Babban ɗana ya so ya raka ni, na hana shi. Na ce mutumin da ya shekara hamsin yana karantar da nahawu ba ya bukatar ɗan rakiya a ƙasar da ake Larabci. Wannan ne girman kai na farko, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Na zaɓi ganye ashirin daga littafin, na naɗe su a farin ƙyalle, na sa a ƙirjina.

Na sauka Alƙahira da hantsi, ana tsakar sanyi. Wanda ya tarye ni wani ɗan ƙasarmu ne mai suna Bala, da aka ba mu lambarsa aka ce yana hidimar marasa lafiya. Magidanci ne mai fara'a, ya durƙusa ya gaishe ni da Hausa tsantsa, ya karɓi jakata, har na ji ashe ban yi nisa da gida ba. A cikin mota na yi wa direba magana da Larabcin da na sani, na tambaye shi sunan gadar da muke hayewa. Ya waiwayo ya dube ni da murmushi, ya ce wa Bala wannan shehin huɗuba yake yi ko tambaya. Ya amsa mini kuwa, amma a cikin kalmomi goma ban tsinci uku ba.

Masaukin da Bala ya kama mini yana hawa na shida a wani tsohon bene. Lifta ta daɗe da mutuwa, taga kuma bango take kallo. Washegari, maimakon asibitin da aka yi alkawari, sai ya bi da ni ta wasu lunguna zuwa wani shago, inda wani mai farar riga ya haska mini tocila a ido, ya girgiza kai, ya ce aikin tiyata ba nawa ba ne, ɗigo ne maganina. Ya ba ni kwalba biyu da wani gilashin ƙara girman rubutu mai mariƙin roba. Kwana uku ina ɗigawa, idona yana zafi kamar an zuba barkono, rana ta huɗu kuma Bala ya daina ɗaukar waya. Maigadin benen, wani dattijo mai ƙaton gashin baki, shi ya fahimtar da ni, rabi da baki rabi da hannu, cewa Bala kamasho yake karɓa a kan kowane baƙo da ya kai shagon nan, kuma ba ni ne farkon mai rawani da ya bari a hawa na shida ba. Ban yi masa Allah Ya isa ba, amma ba zan ɓoye ba, sai da na yi wata guda kafin harshena ya iya roƙa masa shiriya.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafiya nauyi. A Suleja ba na iya tafiya daga ƙofar gida zuwa masallaci ban amsa gaisuwa ashirin ba. A can kuwa ina shiga sahu ina fita babu wanda ya san ko na taɓa buɗe littafi. Abincina dafaffen wake da gurasa, safe da yamma. Na riƙa tuna tuwon dawa, da doyar da matan Gwari ke saukewa daga kafaɗa a bakin kasuwa, da Dutsen Zuma da na saba gani har na daina kallonsa. Matakalar benen kuwa, a kowane hawa sai na zauna na huta.

A irin wannan hutun ne, a hawa na huɗu, na ji wata ƙara tana fitowa daga bayan wata ƙofa, a hankali, tana zuwa tana komawa kamar numfashin babbar dabba mai barci. Ina sauraro sai na ji muryar namiji yana faɗa a waya, da Hausa, yana cewa a gaya wa direba a Madalla zai sauke fenti, ba a Zuba ba, garuruwan da ke maƙwabtaka da Suleja. Ban san lokacin da na ƙwanƙwasa ba. Wanda ya buɗe wani Inyamuri ne kakkaura, mai kamar shekara hamsin. Na yi masa sallama, na ce daga Wambai nake. Ya yi tsaye yana kallona, sannan ya kama hannuna da hannu biyu, ya juya ciki ya ce, "Ngozi, zo ki ga, Suleja ta biyo mu har nan."

Sunansa Emeka, Kirista ne, yana sayar da kayan gini a Madalla fiye da shekara ashirin. Matarsa Ngozi ba ta iya tasowa ba. Tana zaune a kujera, siririyar roba a hancinta, robar kuma tana tafiya zuwa wani inji mai girman jarka da ke gefen gado, shi ne mai ƙarar da na ji. Huhunta ne ya yi tauri, ba ya ɗaukar abin da ya ishe ta daga iska. Emeka ya bayyana mini cewa injin yana zuƙar iskar ɗaki, ya tace ta, ya ware ɓangaren da jini ke bukata, ya tura mata shi tsantsa. Ya ce a gida da tukunyar iska suke amfani, irin ta ƙarfe, ana ɗauko ta daga Abuja, akwai ranar da ta ƙare musu motar da ke kawo sabuwa tana maƙale a cunkoson hanya. Na daɗe ina kallon injin nan. Mun karanta a littattafai cewa iska jiki ne mai laushi, amma ban taɓa zaton za a wayi gari ɗan Adam yana tankaɗe ta kamar gari ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da mutum abin da bai sani ba.

Daga ranar nan ban sake cin gurasa ni kaɗai ba. Emeka ke girki, Ngozi tana ba shi umarni daga kujera, tana yi masa tsiya cewa mutumin da ya san farashin kowane ƙusa a Madalla bai san gishirin shinkafa ba. Duk lokacin da aka zuba mini sai ta ce, "Baba Malam, ci da kwanciyar hankali, babu abin da addininka ya hana a ciki." Shi ne kuma ya ɗauke ni ya kai ni asibitin da ake duba matarsa, wanda yake da sashen ido.

A can na ga abin da hankalina bai taɓa kawowa ba. Aka sa na ɗora haɓata a kan wata na'ura, wani haske ya gilma, sai ga hoton cikin idona a kan allo, an nuna shimfiɗar bayansa hawa-hawa kamar an yanka albasa. Likitar, wata mace mai natsuwa da ta yi haƙuri ta riƙa yi mini Larabcin littafi, ta nuna mini wani ɗan wuri a tsakiya da ya kumbura. Ta ce nan ne wurin da ake karatu da shi da gane fuskoki, kuma abin da ya lalace a cikinsa wuƙa ba ta gyara shi. Akwai allura da za a yi a cikin idon don ciwon ya rage gudu, amma ba ta maido da abin da ya tafi. Na ce mata ba fuskoki na zo nema ba, rubutu na zo nema. Ta ce to wannan aikin Fathi ne.

Fathi shi ne mai auna tabarau a asibitin, dattijo ne sa'ana ko ƙasa da ni kaɗan, siriri, mai tabon sujada a goshi. Da ya ga rawanina ya ji Larabcina sai ya miƙe tsaye, ya ƙi zama har sai da na zauna. Ya ɗora mini wani firam mai nauyi, yana sa gilasai yana cirewa. Da aka zo gwajin karatu, ya ɗauko katin da suke awo da shi, ya dube shi, sai ya mayar a aljihun tebur, ya ce bai dace a ba shehi irina maganganun banza ya karanta ba. Ya zaro wani ɗan littafin addu'o'in safiya da maraice daga aljihun rigarsa, ya buɗe ya miƙo mini.

Na duba shafin. Na ga siffar kalma biyu na farko, na ga inda layi ya ƙare, sai harshena ya kama hanya. Na karanta shafin duka ban yi tuntuɓe ba. Ya buɗe wani mai ƙananan haruffa, na karanta. Fathi ya tafa hannu, ya ce Masha Allahu, idon shehi ya ƙaryata hoton likita. Ya rubuta awon gilashin da ke fuskata a lokacin, ya ce na dawo bayan kwana takwas. Allah Shi ne shaida, ban yi nufin yaudara ba. Na fita daga ɗakin nan ina da yaƙinin cewa da idona na karanta.

Ranar da na karɓi tabarau, na hau bene hawa shida ban huta ba sai sau biyu. Na yi alwala, na shimfiɗa ƙyalle kusa da taga, na fito da ganyen farko. Matani ya zo mini kamar ruwa. Na karkata ido zuwa gefe, wurin hashiya, sai na ga hayaƙi launin ƙasa. Na matso da ganyen, na nisantar da shi, na goge gilashin, na fita da shi baranda cikin rana. Ko harafi ɗaya bai tsaya ba.

Washegari na koma wurin Fathi da zuciya a sama. A gaban mutanen da ke jiran layi na ajiye tabarau a teburinsa, na faɗi maganar da ba ta dace da furfurata ba. Na ce na riga na haɗu da masu cin amanar baƙo a lunguna, ban zaci zan same su a cikin asibiti da tabon sujada ba. Fuskarsa ta sauya, amma bai ɗaga murya ba. Ya duba gilashin a wata na'ura, ya ce awon da ya rubuta shi ne aka yanka, amma in na yarda zai sake auna ni. Na ce wanda ya cuce ni sau ɗaya ba zan ba shi ta biyu ba. Na ɗauki tabarau na fita, na ƙudurta cewa da zarar an gama alluran da likitar ta fara yi mini zan koma gida.

Bayan kwana biyu, na idar da sallar la'asar ke nan, sai na ji ana dukan ƙofata. Emeka ne, ba takalmi, yana haki, da wani ɗan littafi a hannu. Injin Ngozi ya fara kuka, wata jar fitila ta kama, iskar da yake bayarwa ta ragu. Ya kira shagon da suka saya, ba a ɗauka ba. Takardar bayanin injin kuwa da Larabci take, ta Turancin ta ɓace tun ranar da suka buɗe kwali.

"Abeg Baba Malam, kai ne mai Larabci. Duba mini me jar wutar nan take nufi."

Muka sauka tare. Ngozi tana zaune ta dafe gwiwoyinta, kafaɗunta suna hawa suna sauka, leɓɓanta sun fara canza launi. Ta dube ni, ba ta iya gaishe ni ba. Na sa tabarau, na buɗe takardar a shafin da aka zana fitilun. Rubutun ɗab'i ne, baƙi wuluk a kan fari, haruffansa sun fi na matanin mahaifina girma nesa ba kusa ba. Na kafa masa ido. Na ga layuka, na ga akwai kalmomi, amma duk kalmar da na nufa sai tabon nan ya zauna a kanta. Na jira harshena ya kama hanya kamar yadda ya saba, bai kama ba, domin wannan magana ce da ban taɓa ji ba. Emeka yana tsaye a kaina yana cewa, "Me ya ce, Baba? Me ya ce?"

Na ce, "Ba na gani, Emeka. Kira maigadi."

Ya sauka da gudu ya hawo da dattijon. Na miƙa masa takardar, na roƙe shi ya karanta da ƙarfi, a hankali, yadda aka rubuta, kada ya mayar da ita Larabcin kasuwa. Yana karantawa yana tuntuɓe, ni ina gyara masa da kunne ina juyawa zuwa Hausa. Jar fitila tare da kuka mai yankewa na nufin iska ba ta shiga injin yadda ya kamata. A matsar da shi daga bango da labule. A buɗe ƙaramin murfin da ke bayansa, a ciro soson da ke tace ƙura, a sa wani. Emeka ya ciro soson, ya yi baƙi ƙirin ya toshe kamar tsumma. Ya zazzage kwalin injin ya sami sabo a cikin leda, ya sa, ya rufe. Muka tsaya mu uku muna kallon fitila. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san na yi salati mai yawa. Kukan ya tsaya, ja ya koma kore. A hankali kafaɗun Ngozi suka sauka. Kalmar farko da ta faɗa ga mijinta ce: ta ce ai ta gaya masa tun makon jiya ya duba bayan injin.

Da Emeka ya rako ni matakala, muna kaiwa hawa na biyar sai ya ce, "Baba, kar ka ji haushi. Amma da safe na shigo na same ka kana karanta littafinka da gilashin nan, ko tsayawa ba ka yi."

Na ce, "Ba karatu nake yi ba, ɗana. Hadda nake bi."

Sai da na faɗa masa na ji ta da kunnena. Na shiga ɗaki, na ɗauko ganye ɗaya, na fara matani, da na kai layi na biyu na rufe ido. Babu abin da ya ragu. Na buɗe ido, babu abin da ya ƙaru. Na zauna ina lissafin shekarun da na yi a zaure, littafi a buɗe a cinyata, ina juya shafi a inda ya kamata a juya, ɗalibai suna ganin malam yana karatu, malam ma yana ganin haka. Haddar da nake alfahari da ita, ita ce ta rufe mini ciwona har ya yi nisa, ita ce ta ɓatar da awon Fathi, ita ce kuma ta sa na ci mutuncin bawan Allah da bai yi mini komai ba sai girmamawa.

Tun da a gaban jama'a na ɓata masa, a gaban jama'a na je na nemi afuwa. Na jira har layi ya cika, na tsaya na faɗi abin da ya faru, na ce na zalunce shi, ya yafe mini don Allah. Fathi ya rungume ni. Ya ce shi ma yana da nasa kason, domin shekara talatin yana wannan aiki, ya san ba a auna ido da abin da zuciya ta sani, amma ya ga rawani ya ajiye kati. Ya ce, "Yau kuwa, ya shehi, maganar banza za ka karanta mini." Ya fito da katin: haruffa ne da lambobi a warwatse, babu ma'anar da za ta ja harafi zuwa ga ɗan'uwansa. Na tsaya a layi na biyu daga sama, inda haruffa suke da girman babban yatsa. Ya ce babu tabarau a duniya da zai kai ni ga rubutun da nake nema. Sai ya ce in kawo ganyen ya gani.

Ya kai ni wani ɗaki na ciki, ya zaunar da ni gaban wata na'ura mai allo kamar na ƙaramar talabijin, da idon kyamara a ƙarƙashinta yana kallon ƙasa. Ya wanke hannunsa kafin ya taɓa ganyen, abin da ban manta masa ba. Ya shimfiɗa shi a ƙarƙashin kyamarar, ya murɗa wani maɓalli, sai sawun tururuwa ya kumbura har kowane harafi ya kai tsawon yatsa. Ya danna wani, sai takarda ta koma baƙa, tawadar da ta koɗe ta fito fara fat. Duk da haka tabon yana zaune a kan abin da na kalla. Fathi ya ce kada in dubi harafin kai tsaye, in ajiye idona a ɗan sama da shi, in bar gefen ido ya ɗauko shi, domin gefen yana da lafiya. Na gwada na kasa, na sake gwadawa. Can sai ga wata alama ta fito, ƙaramin zobe da wutsiya, wadda mahaifina ke sawa idan zai kawo maganar malaminsa na Zariya. Bayanta kalma, bayanta wata kalma. Na karanta layi ɗaya cikin lokacin da a da nake karanta shafi uku, ina haɗa baƙi da baƙi kamar mai koyon farfaru. Fathi ya fita ya ja ƙofa, ya bar ni ni kaɗai na ɗan lokaci.

Kwana goma na yi ina zuwa wurinsa yana koya mini wannan sabon kallo. Ya tambaye ni a kan wane irin tebur nake karatu, na ce a kan buzu nake zama, sai ya nemo mini irin na'urar mai gajerun ƙafafu wadda ake naɗewa. Ya tambayi yadda wutar lantarki take a garinmu, Emeka da ya rako ni ranar ya yi dariya har da riƙe ciki, saboda haka aka zaɓi mai batir. Likita kuma, ranar sallama, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce in ci gaba da allura a Abuja, amma tabon zai faɗaɗa, ba ta san ko shekara ɗaya ba ko biyar, abin da nake son karantawa in fara da shi. Na yi bankwana da Emeka da Ngozi a hawa na huɗu, su suna da sauran wata biyu. Ngozi ta ce in na isa in gaishe mata da ruwan Suleja.

Abin da na fara yi da na dawo, na tara ɗalibaina a zaure, manyansu da ƙanana, na gaya musu cewa shekaru da dama malaminsu bai ga abin da yake karantar da su ba. Na ce daga yau duk wanda ya ji bakina ya saɓa wa takarda, ya tsayar da ni, wannan ba rashin ladabi ba ne. Sannan muka fara aiki. Kowace safiya bayan rana ta ɗaga, 'yata Hafsatu, wadda ta fi 'yan'uwanta kyawun rubutu, takan shimfiɗa ganye a ƙarƙashin na'ura, ina karantawa ina warware alamomi, tana rubutawa. Ranar da ido ya yi kyau mukan yi ganye ɗaya, wata rana rabi. Akwai wuraren da tawada ta cinye takarda, waɗannan babu na'urar da za ta dawo da su, mukan bar gurbinsu fari. A yanzu mun wuce rabi kaɗan, tabon kuma ya fi yadda yake a bara.

A makon da ya shige muka iso wata mas'ala a babin gado, wadda na shekara arba'in ina warware wa mutane ita ba tare da na tsaya tunani ba. A gefenta akwai gajeren rubutu, layi biyu. Na ɗora idona a samansa, na bi shi harafi harafi. Mahaifina, wanda ban taɓa jin an yi masa tambaya ya rasa amsa ba, ya rubuta cewa wannan wuri bai bayyana gare shi ba, ya tambayi malamai biyu bai gamsu ba, wanda ya zo bayansa ya bincika, kada ya dogara da shi. Hafsatu ta ɗaga alƙalami ta ce, "Baba, in rubuta wannan ma?" Na ce ta rubuta shi yadda yake, ta kuma ƙara a ƙarƙashinsa cewa ɗansa ma bai bincika ba sai yanzu. Na aika da tambayar ga malamai uku, ina jiran amsa.

Ya Allah, Ka ara mini hasken da zai kai ni ganye na ƙarshe, in kuwa Ka ƙaddara wanin haka, Ka ba ni yarda da hukuncinKa. Ka jiƙan mahaifina da malamansa, Ka saka wa duk wanda ya tallafe ni a baƙunta da alheri, Ka sauƙaƙa numfashin masu ciwon ƙirji. Wanda ya karanta wannan, Allah Ya tsare masa ganinsa da basirarsa, Ya sa albarka a gidansa da zuriyarsa, Ya nufe shi da karanta abin da iyayensa suka bar masa tun idonsa na gani. Amin.